Darakta da Kasuwar Cikin Waya

Kwana uku kacal ya yi a birni, a wani taron koya wa matasa dabarun kasuwanci, amma da ya dawo sai ka rantse shi ya kafa birnin. Ya sauko daga mota da shuɗiyar igiya a wuya, kati yana reto a ƙirjinsa, jakar kwamfuta a kafaɗa. Tun daga tasha ya fara yi wa mutane gargaɗi: kada wanda ya ƙara kiransa da sunan yanka, daga yau shi Darakta ne.

Ni tela ne, shagona yana kan babban layi, kuma tsautsayi ya sa ɗakin da ke manne da nawa babu kowa tun da mai aski ya tashi. Wannan ɗakin Darakta ya kama. Madubin mai askin ma bai cire ba, don ya samu wanda zai riƙa sauraronsa ba musu.

Washegari ya shigo shagona ya zauna daram a kan yadin mutane.

"Tela, ka san abin da ke damun garin nan?"

"Na sani. Masu zama a kan yadin da na goge."

Ya ɗan muskuta, bai tashi ba. "Kasuwa. Ba mu da kasuwa."

"Ta ranar Laraba fa, ƙaura ta yi?"

"Wannan ai tarkace ne. Kasuwar duniya nake nufi. Shafi zan buɗe a yanar gizo. Duk mai sana'ar hannu a ƙauyukan nan, zan ɗora kayansa a waya. Mutum yana kwance a gadonsa a bangon duniya, ya danna, tukunya ta same shi."

"A gadon?"

"Sunansa Daga Hannu Zuwa Duniya. Kuma ba kasuwanci ba ne irin naku na cin riba. Wannan kasuwanci ne na taimakon al'umma. Akwai wata ƙungiya a birni da za ta tsaya mana in ta ga mun fara."

"To kasuwanci ne ko taimako?"

"Duka biyun."

"In an ci riba?"

"Kasuwanci ne."

"In an faɗi fa?"

"Taimako ne."

Na ce lallai kwana ukun nan ba su tafi a banza ba.

A ranar ya gano sabis ba ya shiga ofishin nasa. Ya yi ta zagaye da waya a sama kamar mai neman inda rufi ke yoyo, har ya samu wuri guda: saman katangar baya, dab da tankin ruwa. Ya ari tsanina. Daga nan hedikwatar Daga Hannu Zuwa Duniya ta koma mataki na bakwai na tsanin tela, kwamfuta a kan gwiwa, hannu ɗaya riƙe da bututun tanki.

Ya kira taron masu sana'a, ya jera kujeru hamsin. Mutum uku suka zo. Akwai Goggo, yayar mahaifinsa, maginiyar tukwane, wadda duk randar kirki a yankin daga hannunta ta fito. Akwai Baba Maƙeri, mai dantse kamar turmi. Akwai Baduku, wanda ba ya amsa gaisuwarka sai ya gama duba takalmin da ke ƙafarka. Na huɗunsu mijin Goggo ne, Tsohon Direba, wanda tun da ya ajiye tuƙi ba shi da sana'ar hannu sai ta kai loma. Shi ya biyo ne don ya ji an ce za a raba lemo.

"Iyayena," in ji Darakta, "shekara nawa kuna wahala duniya ba ta san da ku ba?"

"Wa ya ce maka nemanta muke yi?" in ji Maƙeri.

"Baba, Daga Hannu Zuwa Duniya..."

"Mu dai daga hannu zuwa baka muka sani, kuma bai taɓa ɓatan hanya ba."

Goggo ta ce, "Ɗan nan, tukunya ai sai an ƙwanƙwasa an ji ƙararta ake saye. Ta cikin wayar da me za su ƙwanƙwasa?"

"Goggo, wannan tsohon yayi ne. Yanzu da ido ake saye."

"To idon ne zai riƙe ruwan?"

Amma naka sai naka. Ɗan ƙaninta ne, ba ta so a ce an watse an bar shi da kujeru. Ta ce ta ba shi tukwanen da ta gasa na wata guda ya gwada. Da Goggo ta yarda, sauran biyun suka ce su ma a ɗebi kaɗan.

Kafin a tashi ya juya kan Tsohon Direba. Kamfani, in ji shi, yana buƙatar lambar waya mai sauƙin haddacewa, kuma ta Baba tana da bakwai huɗu a jere. Aro ne na mako guda. Ita ce kaɗai wayar gidan, da ita Goggo ke magana da masu sayen kayanta da kuma autarta da ke aure a birni. Tsohon Direba yana kan kwalbar lemo ta uku, ya miƙa wayar ba tare da ya sauke kwalbar ba. Kafin la'asar Darakta ya naɗi muryarsa a ciki. Duk wanda ya kira sai ya ji: "Barka da kiran Daga Hannu Zuwa Duniya. Duk ma'aikatanmu suna bakin aiki. Kiranka yana da muhimmanci a gare mu." Ma'aikatan kuwa shi ne da na cikin madubi.

Bayan kwana biyu Mai Akori-kura ya zo kamar yadda ya saba. Shekara ashirin ke nan duk wata yana zuwa da motarsa cike da ciyawa, ya shimfiɗa, ya jera tukwanen Goggo ya kai kasuwannin nesa. Darakta ya tare shi a ƙofar gida, hannu a ƙugu.

"Zamanin 'yan tsakiya ya wuce. Kaska ne ku, kuna shan jinin masu sana'a."

Mutumin ya dube shi, ya dubi Goggo. Goggo ta sunkuyar da kai.

"Kaskar da ke zuwa da ciyawarta," in ji shi. "To Goggo, Allah ya ba da sa'a. Akwai maginiya a ƙauyen gaba da ta daɗe tana roƙona."

Ya tada mota ya tafi. Darakta ya karkaɗe hannu kamar wanda ya kori kura daga garke.

Sai ɗaukar hoto. Ya ce daga sama ake ɗaukar hoton zamani, don haka aka jera randunan Goggo a gindin katanga, shi kuma ya haye tsani ya ɗauka. Daga can sama randar da ke cin bokiti goma ta fito 'yar mitsitsiya kamar kofi. Na ce ya rubuta tsawo da faɗi. Ya ce lambobi suna ɓata kyan shafi.

Ranar da aka yi cinikin farko, ihunsa na ji daga saman katanga, na fito da almakashi a hannu na ɗauka faɗowa ya yi. Wata mata ce a birni ta sayi guda shida. Ya sauko yana rawa, ya bi layi yana gaya wa har wanda bai tambaya ba. Goggo ta kawo ciyawa a shimfiɗa, ya ce ciyawa ƙazanta ce, kamfani ba ya aika kaya da abincin akuya. Ya naɗe kowace randa da takarda mai ƙyalli, ya ɗaura mata jan zare, aka ɗora su a saman motar haya tare da buhunan albasa.

Da matar ta kira, ya buɗe murya don duk layi ya ji yabo.

"Malam, kofunan shayi shida na saya! Wannan abin da aka sauke min a ƙofar gida ai wanka ake yi a ciki! Ko matakalar benen ba sa wucewa!"

"Ranki ya daɗe, ai na shayin iyali ne..."

"Biyu ma a fashe suka zo. Ka aiko a kwashe kayanka!"

Haka aka sake ɗora su a saman mota. Abin da ya iso garinmu buhu ɗaya ne, yana ƙara kacau-kacau. Goggo ta kwance bakin buhun, ta ɗauki tsingaro guda ta juya shi a hannu.

"Shida suka tafi da ƙafarsu," in ji ta, "an dawo min da su a buhu."

"Goggo, a harkar nan wannan darasi ake ce masa."

"Mako uku na yi ina gina darasin nan, ɗan nan."

Takalman Baduku kuwa, Darakta ya ce ba a baje kaya bibbiyu a kanti, ɓarnar wuri ce. Ya jera ƙafafun hagu a kan teburi don hoto, ya zuba na dama a kwali ya tura ƙarƙashin benci. Da aka sayi guda huɗu, ya kwashi na kan teburin ya naɗe bibbiyu ya aika. Wani mutum ya kira yana tambaya ko a garinmu haka ƙafafun mutane suke. Baduku ya ji labari. Ya zo ya ɗauki kwalin ƙafafun dama ya rungume kamar marayu, ya dubi takalmin Darakta, ya girgiza kai ya fita.

Daga nan ciniki ya tsaya cak. Tukwanen Goggo suna jibge a tsakar gida, kaji suna kwana a ciki. Darakta ya kira ƙungiyar, aka ce masa masu saye ba kaya kawai suke so ba, suna son labarin mai kayan, labari mai taɓa zuciya. Ya ɗauki littafi da biro ya nufi gidan Goggo, ni ma na bi shi don na kai mata ɗinki.

"Goggo, ba ki da wani abin baƙin ciki a rayuwarki?"

"Ina da shi. Ga shi tsaye a gabana da biro."

Maƙeri ya ce shi lafiyarsa ƙalau, 'ya'yansa sun yi karatu, ya gina gida. Baduku ya ce babban baƙin cikinsa yana cikin kwali a ƙarƙashin gadonsa. Darakta ya dawo yana tsaki.

"Mutanen nan ba su da haɗin kai, Tela. Ko ɗan ciwo babu."

Kwana biyu ya yi a kan tsani yana rubutu da yaren turawa. A rana ta biyu na ɗaga kai na ga hawaye na bin kumatunsa.

"Lafiya, Darakta?"

"Rubutun ne, Tela. Ni kaina ban san ina da baiwa haka ba."

Abin mamaki, ciniki ya buɗe. Amma ba ciniki kaɗai ba. Kwalaye suka fara zuwa da sunan masu sana'a. An aiko wa Baduku kwali uku na tsofaffin takalma. Shi a zatonsa gyara aka kawo, ya zauna ya ɗinke su tsaf, ya shafa musu mai, ya jera yana jiran masu su. An aiko wa Maƙeri wani dogon akwati, ya buɗe ya tarar da hannun roba, da yatsu biyar da maɗauri. Ya juya shi, ya juya shi, ya rasa gane kansa, sai ya kafe shi a bangon maƙera yana rataya hula. Goggo kuwa wasiƙu ta riƙa samu masu zanen fure. Darakta ne ke karanta mata, kuma duk abu ɗaya suke cewa: tukwanenki suna da kyau.

"Duk wannan dogon rubutun?" in ji Goggo. "Har da wurin da ruwa ya ɗiga?"

"Yaren nasu ne haka, Goggo. Yana da tsawo."

Sai ga labari cewa Shugabar ƙungiyar da kanta za ta zo bikin buɗe kasuwar, tana so ta ga mutanen nan uku da idonta. Na ɗauka murna zai yi. Ya sauko daga tsani a hankali, ya shiga ofis, na jiyo shi yana shawara da madubi har azahar.

Ranar bikin aka kafa rumfa a filin makaranta, aka jera kujeru, aka kawo janareta da majigi da farin allo. Ni na ɗinka ƙyallen da aka rubuta sunan kamfani. Gari ya cika wurin, don rabonmu da kallo kyauta an daɗe. Darakta yana ta kai-komo cikin kwat, gumi har ƙeya.

Ya fara jan Maƙeri gefe, ya ba shi wata ambulan. "Baba, wannan muhimmiyar takarda ce. Ka sa hannunka na dama cikin riga ka riƙe ta a ƙirji. Ko me za a yi, kada ka fito da hannun."

"Aljihu fa?"

"Akwai ɓarayi."

Ya koma kan Baduku. "Masu sana'a ba sa shiga rumfar da takalmi. Ƙa'idar ƙungiya ce."

Baduku ya dubi ƙafafun jama'a, kowa da takalminsa. Ya cire nasa, ya saƙale a hammata.

Sai Tsohon Direba. "Baba, ƙanƙara ta ƙare. Babu wanda ya san hanyar garin gaba kamarka. Ga babur, a taimaka."

"Yaro, na ga kwalin biskit, na ga lemo. Ko da sarƙa ba ka fitar da ni daga nan." Ya je sahun gaba ya zauna kusa da matarsa, ya baje riga.

Shugabar ta iso, mace mai natsuwa da farin tabarau, kana ganinta ka san da zuciya ɗaya ta zo. Darakta ya yi jawabi na kusan awa guda, ya ambaci kansa sau talatin da ɗaya, ni na ƙirga. Yana so ya rufe taro ke nan ta miƙa hannu ta karɓi makirufo.

"Jama'a, na karanta labaran iyayen nan namu a shafin, ban iya cin abinci ba ranar. Na ga da yaren turawa aka rubuta, zan fassara muku don ku san irin jaruman da kuke zaune da su."

Darakta ya yi wuf ya nufi janareta. Mai janareta ya tare shi da ƙirji, ya ce ba mai taɓa masa inji.

Hoton Baduku ya fito a allo. "Wannan bawan Allah," in ji ta, "shekara arba'in yana ɗinka wa mutane takalma, amma shi bai taɓa mallakar ko ƙafa ɗaya ba." Ta dubi ƙafafunsa a ƙasa, muryarta ta karye. Baduku ya dubi ƙafafun nasa shi ma, ya dubi abin da ke hammatarsa. Aka fara ƙus-ƙus a baya.

Hoton Maƙeri ya fito, an yanke shi daga kafaɗa. "Wannan kuma wuta ta cinye masa hannun dama tun yana saurayi. Da hannu ɗaya yake ƙera fartanyar da ke ciyar da yankin nan. Ku tafa masa!"

Maƙeri kunnensa ya ɗan yi nauyi saboda ƙarar masaba, abin da ya ji kawai shi ne a tafa. Ya ga hotonsa a allo, daɗi ya kama shi. Ya zaro hannun daga riga, ambulan ta faɗi, ya shiga tafi da tafukan nan nasa kamar ana fasa dutse.

Shugabar ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Baba... wannan shi ne na robar da aka aiko?"

"Na roba? Yana can na rataya hula. Ashe ke kika aiko? An gode, yana riƙe hula sosai."

Dariya ta fara daga baya tana gangarowa. Darakta ya matso yana cewa kuskuren fassara ne, a yaren turawa hannu ɗaya yana nufin ƙwarewa. Bai rufe baki ba sai ga motar haya ta shigo filin da gudu, ta tsaya dab da rumfa. Auta ce ta fito, 'yar Goggo, mayafi a hannu, ido ya kumbura. Bayanta surukarta da ƙannen mijinta biyu da wasu mata, kowa fuska a murtuke.

"Wayyo Babana! Inna, haka za ki yi min? A waya zan gani? Ko ki sa a gaya min in zo in ga gawarsa!"

Ta zube a jikin Goggo tana kuka. Tsohon Direba yana gefe, biskit a baki. Ya taɓa kafaɗarta.

"Ke Auta, wa ya rasu?"

Ta ɗago. Ta yi wata ƙara da ta fi ta farko, ta ja da baya ta faɗa kan surukarta. Ƙannen mijin suka koma bayan mota.

Da ƙyar aka zaunar da ita, ta ba da labari tana shessheƙa. Wata maƙwabciyarta ce ta nuna mata shafin da safe, tana yi mata ta'aziyya. Ta kira wayar Baba, aka ce mata duk ma'aikata suna bakin aiki. Ta kira Darakta sau tara, yana kashewa. Ta kira matar maƙwabcin Inna, ita kuma ta ce ai kowa yana can wajen taron, an kafa rumfa an jera kujeru. Me ya rage? Suka ɗauki shatar mota.

Tsohon Direba ya haɗiye biskit ɗin, ya miƙe, ya fuskanci Shugabar cikin ladabi.

"Ranki ya daɗe, tunda ke ce mai karatu, a taimaka a duba min. Yaushe na mutu?"

Ta dubi allo, inda hoton Goggo ya riga ya fito. Muryarta ta yi ƙasa. "An ce shekara uku ke nan."

"Ikon Allah. Me ya kashe ni?"

"An ce... ramin yumɓu ne ya rufta da kai, kana haƙo wa matarka ƙasar gini."

Goggo ta miƙe tsaye. Ba ta ɗaga murya ba lokacin da aka fasa randunanta, ba ta tanka ba lokacin da aka kori mai sayen kayanta, amma wannan ta kasa haɗiyewa.

"Wannan? Wannan mutumin? Shekara arba'in da biyu muna tare, ko yumɓun da zai toshe kunne bai taɓa ɗebo min ba! In za ka kashe shi, ɗan nan, ka kashe shi a kan tabarma da kwano a gabansa, kowa zai yarda!"

Rumfar ta kece. Mata suna riƙe ciki, mai janareta ya zauna a ƙasa. Tsohon Direba kuwa ransa ya ɓaci, ba don an kashe shi ba, sai don an tona cewa bai mutu a bakin aiki ba.

Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta juya kan Darakta.

"Malam, akwai abu guda na gaskiya a shafin nan?"

"Ranki ya daɗe, lambar wayar..."

"Tawa ce!" in ji Tsohon Direba. "Ba ni abata, kafin ka rubuta cewa ita na bari gado."

Shugabar ta durƙusa gaban Goggo ta ba ta haƙuri, ta ba Maƙeri da Baduku, ta ce laifinsu ne su ma da suka nemi hawaye kafin su nemi tukunya. Ta ƙwanƙwasa wata randa da ke gefen rumfa, ta saurari ƙararta, ta sa aka ɗora mata biyu a mota da ciyawa a ƙarƙashi. Ta cire igiyar nan shuɗiya daga wuyan Darakta da hannunta, ta tafi. Da aka waiwaya neman Darakta, sai ƙurarsa. Auta ce ta bi shi da takalmin Baduku, ƙafar dama, kuma ta same shi a ƙeya daga nisan da ya ba kowa mamaki.

Baƙin da suka zo ta'aziyya kwana biyu suka yi, kuma a gidan Darakta Goggo ta sauke su. Tsohon Direba ya zaunar da su ya sa kowa ya maimaita masa alherin da ya faɗa a kansa a mota. Mai Akori-kura sai da Goggo ta taka da ƙafarta har gidansa, tsohuwa da ita, ta ba shi haƙuri. Ya yarda ya dawo, amma yanzu rabin motar na maginiyar ƙauyen gaba ne. Wannan rabin bai dawo ba har yau.

Hukuncin Darakta kuwa Goggo ce ta yanke. Kullum da safe zai je ya haƙo yumɓu, ya taka shi da ƙafa, har sai an mayar da duk abin da ya fasa. Kuma zai hau shafin ya rubuta gaskiya, kowa ya gani.

Bayan mako uku ya shigo shagona, yumɓu har gwiwa, yana murmushi, da sabon yadi a hammata.

"Tela, babbar riga za ka ɗinka min. Ta karɓar lambar yabo."

"Lambar yabon taka yumɓu?"

"Gyaran da Goggo ta ce in rubuta ne. Na rubuta, wata ƙungiyar daban ta gani, ta gayyace ni birni." Ya zaro takarda ya karanta min da alfahari: "Muna farin cikin sanar da cewa, wata biyu kacal da shigarsu shirinmu, yanzu Baduku yana da takalmi, Maƙeri yana da hannu biyu, kuma mijin Goggo yana raye."

Na ajiye almakashi.

"Darakta, ka ji tsoron Allah."

"Ina ƙaryar take? Nuna min kalma ɗaya. Sun ce a duk ƙungiyoyin da suka sani babu wanda ya taɓa samun sakamako irin wannan."

Na duba, na sake dubawa, ban samu kalmar ba. Na ɗauko tef na auna kafaɗa, na auna hannu, na auna tsawo. Da na zo wuya na rubuta awon, sannan na ƙara yatsa huɗu.

Ya leƙo littafin. "Wannan ƙarin fa? Wuyana bai kai haka ba."

"Ba don wuyan ba ne," na ce. "Kan da zai bi ta wurin nake ji."